Baba Zauna-Tukuna, Mai Gyara Daga Bayan Kujera

Kafin sauran masu shaguna a layinmu su gama laluben makullansu, shi ya riga ya ɗaga ƙofarsa. Rabi yake ɗagawa, domin kafaɗarsa ta daɗe da daina yarda da sauran rabin. Sai telan da yake kusa da shi ya zo ya ƙarasa masa, su buɗe ranar da tsokanar da suka saba: tela ya ce tsufa ya daɗe yana sallama an ƙi amsa masa, shi kuma ya ce gara tsufa da ɗinka wa mutane riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Daga nan ya share gaban shago, ya goge tebur, ya jera sukundirebobinsa daga babba zuwa ƙarami, ya kunna kwamfutarsa ta gwaji wadda ba ta da murfi, kayan cikinta duk a fili. Abin da yake gyarawa a ƙarshe kujeru ne guda biyu. Mai laushin da take gaban allo ta baƙo ce. Ta katakon da take bayanta, an ɗan karkata ta hagu, ita ce tasa, kuma a kanta ya yi yawancin aikin da ya jawo masa wannan jinjina.

Layi ya san shi da Baba Zauna-Tukuna, kuma da bakinsa ya sayi sunan. Duk wanda ya shigo rungume da kwamfuta yana haki, yana cewa a buɗe a duba masa yanzu-yanzu, amsa ɗaya yake samu: ya zauna tukuna, ya kunna wasan da yake yi, ya yi shi yadda ya saba yi a ɗakinsa. Baba ba ya sa sukundireba a jikin inji sai ya ga mai injin yana wasa. Yakan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba kullum yake iya faɗa ba, sai ka zauna tare da shi lokacin da ake ruwan. Masu gaggawa suna jin haushinsa, kuma ba za a ce ba su da hujja ba, don mutumin yana da nawa. Wasu sun ɗauki kayansu sun tafi inda za a buɗe musu nan take, sun dawo bayan mako suna sosa ƙeya. Bai taɓa yi wa ko ɗaya gori ba, kujera kawai yake nuna musu.

A ƙarshen watan nan zai miƙa makulli ga mai ginin. Ido ya daina ganin ƙananan notuna, hannu ya fara rawa, 'yarsa kuma ta kafa masa ƙahon zuƙa sai ya koma kusa da ita ya huta. To, yabon gwani ya zama dole, kuma gara a yi shi yana ji da kunnensa.

Yawancin masu zuwa wurinsa 'yan wasan kwamfuta ne, cutarsu kuma kusan iri ɗaya ce. Mutum ya yi ta buri har ya sayi sabon katin hoto, wato ɓangaren da yake zana duk abin da ake gani a allo, ya cusa shi cikin tsohon inji, ya gyara zama yana jiran daɗi. Sai wasan ya riƙa tafiya yana tuntuɓe, ko allo ya riƙa fitar da zane-zanen da ba wanda ya aike su. Nan take a ɗora wa katin laifi, a ce jabu ne, a tsine wa wanda ya sayar. Baba kuwa sai ya nuna shagon maƙwabcinsa da haɓa. Ya ce firosesa, ƙwaƙwalwar injin, shi ne mai yanka yadi, katin hoto kuma mai ɗinki. In ka ɗauko gwanin ɗinki ka zaunar da shi a bayan mai yankan da almakashinsa ya dakushe, me zai yi banda hamma? Tela ya sha ƙorafin cewa ana koyar da darasi da shagonsa ba a taɓa neman izininsa ba.

Kowa a layin yana da nasa labarin. Mai kemis ta ƙarshen layi har yau tana ba da na ƙaninta, wanda ya zo da niyyar jefar da kati sabo ful, ya koma gida da shi yana aiki a cikin injinsa, bayan Baba ya gano gashin kyanwarsu ne ya toshe fanka. Amma in ana son a san ko wane ne wannan tsoho, labarin Direba za a ji.

Wata malamar firamare ce ta zo da injin a naɗe cikin bargo, mai tasi yana taya ta ɗauka. Baba ya tambaye ta ina mai wasan. Ta ce maigidanta ne, kuma ba ya fita. Ya nuna mata kujera mai laushin, ta zauna a bakin-bakinta, ta ba shi labari tana murza gefen mayafinta.

Mijin nata direban babbar mota ne, na doguwar hanya. Bara ya yi haɗari ya bugu a kai. Ƙashin da ya karye ya ɗore, amma ya daɗe yana fama da jiri da walƙiya a ido kafin abin ya lafa. Likita ya ce in ya ɗauke gaba ɗaya, za a sake duba shi a sa masa hannu ya koma kan sitiyari. A zaman jiran nan ne ƙaninsa ya haɗa masa wasan tuƙin babbar mota, da sitiyarinsa da totur da birki, har da abin sawa a kunne da yake hira da wasu direbobi ta ciki. Wasan ya dawo mata da mijinta. Ya fara dariya, ya fara faɗa da yara a kan takalman da suke zubarwa a ƙofa, ya fara ɗokin ranar komawa asibiti. Da ta ji yana cewa hotonsa bai kai na abokansa kyau ba, sai ta yi shawara da ƙanin, ta sayo masa sabon katin hoto ba tare da ya sani ba. Ƙanin ya saka, aka ɗan gwada, komai tas.

Ba a yi mako ba Direba ya rufe injin da zane, ya juya sitiyarin ya fuskanci bango. Hira ta ɗauke. Ranar ganin likita ta zo ya ce ba inda za shi, shi da tuƙi sun yi hannun riga. An sake sa masa wata rana, ga ta nan tafe, wurin aikinsa kuma sun ce ba za su riƙe masa gurbi har abada ba. In wannan ranar ma ta wuce, shi ke nan. Ta tambaye shi ko katin ne, ya ce katin ba ruwansa, ta yi ƙoƙari, Allah ya saka mata.

"Baba, da hannuna na ɓata," ta ce. "Yana zaman zamansa na je na tsokano. A cire abin nan a mayar da tsohon, ko zai dawo yadda yake."

Baba ya jona injin da allonsa ya kunna, ya zuba masa ido, bai ga komai ba. Ya ce mata ba zai cire ko noti ɗaya ba. In mai wasa ba zai zo ba, to shi zai je. Da la'asar ya sauke ƙofa, ya zuba 'yan kayan aiki a jaka, suka shiga tasi da injin a kan cinyarsa. Gidan a saman bene yake, kuma duk wanda ya san gwiwoyin Baba ya san abin da hakan yake nufi. Ya hau yana hutawa a kowace kwana, yana gaya wa Malama cewa sannu ba ta hana zuwa.

Direba ya karɓe shi yadda ake karɓar baƙon da ba a gayyata ba amma ya haife ka: gaisuwa a ladabce, fuska a murtuke. Ya ce an wahalar da Baba a banza, injin lafiyarsa lau. Baba ya ce ƙwarai, shi ma bai ga komai ba, amma tunda ya riga ya hawo benen nan, ba zai sauka ba sai an zaga da shi. Ya ce shi tunda yake, daga nesa yake hango tirela ya kauce, yau yana so ya ga yadda na ciki yake ganin hanya. Wa zai iya hana tsoho irin wannan? Direba ya haɗiye tsakinsa, ya yaye zanen, ya juyo da sitiyari.

Baba ya mayar da kowace waya ta gidan inda take, ya kunna wata 'yar manhaja mai nuna lambobi a kusurwar allo: yawan aikin da firosesa yake yi, da na katin, da zafin kowannensu. Ya jawo kujerar cin abinci ya zauna a baya, ɗan hagu.

A buɗaɗɗiyar hanya komai ya tafi sumul. Hannun Direba ya tuna aikinsa, kafaɗunsa suka sauka, har ya fara yi wa Baba bayanin yadda ake sauka gangara da kaya ba tare da an ƙona birki ba. Baba yana ta "to, to," idonsa a kan lambobi. Aikin firosesa yana hawa, zafinsa yana binsa, katin kuwa ko rabin ƙarfinsa bai taɓa ba. Da suka tunkari gari, motoci suka yi yawa, ga fitilu ga gine-gine, firosesa ya cika maƙil. Hoton ya tsaya cak, ya yi tsalle, ya sake tsayawa. A cikin inuwar gine-ginen kuma wani koren tartsatsi ya fara bayyana yana ɓacewa.

Wannan cutar Baba ya san ta tun kafin ta gama sallama. Mutumin da yake gabansa ne ya ɗaure masa kai. Shekarun da ya yi a bayan kujera sun koya masa abin da ɗan wasa yake yi in inji ya ci amanarsa: ya zagi injin, ya bugi tebur, ya juyo ya ce ka gani ko? Wannan bai yi ko ɗaya ba. Bayanin birki ya yanke a tsakiya. Ya damƙe sitiyari har jijiyoyin hannunsa suka tashi, ya runtse ido ya buɗe, ya murza na hagu da bayan hannu, gumi yana gangarowa ta ƙeyarsa. Kuma ya ci gaba da tuƙi wai shi ba abin da ya faru. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma Baba a ƙeya ya karanta na wannan bawan Allah. Ya tuna maganar walƙiya da Malama ta yi a shago, sai tausayi ya kama shi.

"Wannan koren tartsatsin da yake fitowa a inuwa," ya ce, kamar mai tambayar kwatance, "tun ranar da aka sa katin ya fara, ko daga baya?"

Motar ta ci gaba da tafiya babu mai riƙe da ita, har ta hau gefen titi ta tsaya. Direba ya juyo a hankali.

"Baba, kana ganinsa?"

"Da waɗannan idanun nawa da suka gaji ma ina ganinsa. Har da tsayawar da hoton yake yi yana tsalle. Malama, zo ki duba mana."

Ta fito daga kicin tana goge hannu, ta leƙa, ta ce ga shi nan kuwa, kore shar, ta gefen hagu.

Direba ya kifa kansa a kan sitiyari. Maganar guntu-guntu ta fito, kuma da izininsu ake maimaita ta a nan. Ya ce irin walƙiyar da ya riƙa gani ke nan bayan haɗarin, da irin wannan tsayawar. Ya ɗauka ciwon ne ya dawo. Da rana yake wasa, ita tana makaranta, yara ma haka, ba wanda zai tambaya ko shi ma ya gani. Ko da akwai, da wane baki? In ya je gaban likita ya faɗi gaskiya, an rufe masa hanya. In ya ɓoye aka sa masa hannu, wata rana duniya za ta tsaya masa cak yana ɗauke da kaya a tsakiyar mutane. Sai ya zaɓi ya ajiye tuƙin da kansa, ya ja bakinsa ya yi shiru. Lallai rashin sani ya fi dare duhu.

Malama ta zauna a hannun kujera tana kuka tana masa faɗa a lokaci guda, tana cewa ita makonni ke nan tana zargin kanta, tana zaton kyautarta ce ta kashe masa zuciya. Baba ya ba su wuri, ya yi kamar yana neman wani abu a jakarsa. Ya san magana kaɗai ba za ta ishi mutumin nan ba. Tsoron da ya kwana ya tashi da mutum ba ya fita da "ka kwantar da hankalinka," sai gani ya kori ji.

Ya fara da tartsatsin. Ya zare wayar da ta haɗa injin da allo, wata siririya da aka gada daga tsohon katin. Ita ce Malama ba ta kai shago ba, shi ya sa bai ga komai a can ba. Ya ce sabon katin yana turo hoto fiye da abin da za ta iya ɗauka. Ya sa tasa, aka koma cikin gari, inuwa baƙa wuluk babu ɗigon kore. Ya mayar da tsohuwar, tartsatsi ya dawo. Sai ya miƙa wa Direba wayoyin biyu, ya ce ya yi da hannunsa, ya yi ta yi har zuciyarsa ta yarda. Direba ya canza, ya duba, ya sake canzawa. Baba ya ce ciwon da ake kunnawa a kashe da waya, ba a kai yake ba.

Saura tsayawar. Ya rage kyawun hoton har ƙasa, ya ce da katin ne ya gaza, yanzu wasan zai saki jiki ya ruga. Bai canza ba, tuntuɓen yana nan. Ke nan mai ɗinki ba shi da laifi, mai yanka ne. Sai a lokacin ya ɗauko sukundireba. Ya buɗe injin, ya ɗaga fankar da take kan firosesa, ya tarar man da ake shafawa a tsakaninsu ya bushe ya zama gari, ga ƙura ta toshe iska. Firosesa kuwa in zafi ya yi masa yawa, rage gudu yake yi don ya tsira da ransa. Baba ya share, ya shafa sabo. Da aka zo ɗaure notuna hannunsa ya ƙi tsayawa, bai ɓoye ba, ya miƙa wa Direba ya ce ya ƙarasa. Ya goge ragowar manhajar tsohon katin, ya rage yawan motocin da wasan yake cika gari da su, ya ƙayyade gudun hoton daidai abin da firosesa zai iya, sannan ya ɗaga kyawun hoton sama don katin ya sami abin yi. Ya gaya musu gaskiya cewa firosesan ya tsufa, wata rana sai an canza shi, amma ba yau ba. Ya dubi Malama ya ce katinta ba shi da aibu, ta iya zaɓe, ƙanin ma ya saka daidai.

Aka sake shiga garin. Mota ta ratsa shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba gargada, Direba ya yi wata dariya da ta sa yara leƙowa daga ɗaki. A nan ne wani zai tattara kayansa ya karɓi godiya ya tafi da suna. Baba bai tashi ba.

"Ɗana, ni likitan ƙarfe ne," ya ce. "Abin da yake cikin injin nan na nuna maka, ban leƙa kanka ba. Ranar da aka sa maka, ka je. Ka faɗa wa likita duka, har da wannan na yau. Abin da ya ce, shi ne."

Direba ya je, Malama ta raka shi. Ya faɗi komai. Likita ya yi gwaje-gwajensa, ya ƙara masa ɗan zaman jira don a tabbatar, sannan ya sa hannu.

Baba, kai ne ka hau benen da gwiwarka ba ta so, saboda matar da ba ka taɓa gani ba sai ranar. Kai ne ka ƙi cire katin da aka roƙe ka ka cire, alhali cirewar ta fi sauƙi, kuma ba wanda zai ga laifinka. Da ka cire, da injin ya koma gida lafiya ya kwanta a ƙarƙashin zane, mai shi yana nan zaune da tsoronsa har ranar ta wuce. Sannu-sannu kwana nesa, tsohon hannu mai aiki da ido kafin ƙarfe. Ba mu ce ba ka da hali ba. Kana da rowar sukundireba, rediyonka yana damun layi, kuma in kana kallon lambobinka ko gaisuwa ba ka amsawa. Amma mun zauna da kai shekara da shekaru, ba mu taɓa jin ka ɗora wa wani ɓangaren inji laifi kafin ka gwada shi ba, ba mu kuma taɓa jin ka faɗi abin da ba ka sani ba don a ce ka iya.

Ku kuma masu tasowa a wannan sana'a, hannunku ya fi nasa sauri, idonku ya fi nasa kaifi, kun san injinan da ko sunansu bai iya faɗa ba. Allah ya ƙara basira. Abu ɗaya ake roƙonku ku ɗauka kafin a kwashe kayan shagon nan: kada ku yanke wa inji hukunci daga bakin ƙofa, kuma kada ku manta cewa wani ne yake zama a gabansa. Ku gwada abu ɗaya-ɗaya, ku bar mai kaya ya gani da idonsa, in kun zo iyakar saninku ku faɗa. Wannan ba na masu kwamfuta kaɗai ba ne, duk wanda ake kawo wa abu a gyara ya shafe shi.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu mai albarka, ya sassauta wa gwiwoyin nan, ya saka maka da abin da ya fi wanda ka yi mana. Ranar da za ka sauke ƙofar nan saukewar ƙarshe, layi zai taru. Tela zai zo, mai kemis da ƙaninta za su zo, Malama ma ta ce za ta kawo yaran. Direba ne ba zai samu zuwa ba. Yana can kan doguwar hanya da kaya, sai wani makon zai dawo. Malama ta ce a gaya maka kada ka ji komai, wannan rashin zuwan nasa shi ne godiyarsu.